Jar Motar Baba Ba Ta Son Shaida

Ranar Litinin murɗa ɗaya ta tashi,
ta yi gurnani har karen maƙwabta ya amsa.
Ranar Talata, ƙas.
Na sake murɗawa, ƙas,
kamar wanda ya taɓa ƙofa ya fasa shiga.

Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu,
gajeruwa, cikinta na sunsunar kwalta.
Baba ya saye ta da kuɗin sallamar kamfanin kuza,
ya ce furfura ba ta hana mutum son gudu.
Ya bar mini ita da makulli ɗaya
da takardun da gara ta fara ɗanɗanawa.

Batir na fara zarga, shi ne marar gata.
Na ɗauke shi har Dilimi, aka ɗora masa mita,
aka ce, “Hajiya, wannan ai zai tada tirela.”
Na wanke kawunansa da ruwan zafi da kanwa
har farin gishirin nan ya narke.
Kwana huɗu tana tashi kamar ba ita ba.
A na biyar, bakin kasuwar Farin Gada,
kabeji da tumatir zaune a kujerar gefe,
ƙas.
’Yan dako uku suka tura ni gangare,
na saki kuloci a giya ta biyu, ta yi tari, ta kama,
ina jin su a baya: “Motar tsere da turi!”

Davou bakanike ya ce kiksitata ce.
Ya ƙwanƙwasa ta da sifana, ta tashi,
muka canza buroshi, na biya, na gode.
Mako ɗaya. Ƙas.
Ya ce rile ne. Ya ce fiyus. Ya ce bakin makulli ya cinye.
Abin da ya fi ƙona rai,
in na kai ta gabansa sai ta tashi sau goma a jere,
ciwon da ke ɓuya in ya hango likita,
ni kuma in tsaya da kunyar mai ƙara babu shaida.

Sai na sayi littafin ’yan makaranta.
Ranar da ta yarda, in rubuta. Ranar da ta ƙi, in rubuta:
ƙarfe nawa, ina ta kwana, me sama ta yi.
Shafi shida kafin bakin zaren ya leƙo.
Duk daren da yayyafi ya gangaro daga duwatsun Shere,
gari ya waye da laima,
ranar babu zuwa ko’ina.

Ƙasimu mai waya ya karanta har ƙarshe, bai taɓa makulli ba.
Ya ɗauki buta ya watsa ruwa ƙarƙashin inji,
ya ce, “Murɗa.”
Ƙas.
Ban taɓa murnar jin wannan ƙara ba sai ranar.
Ya shimfiɗa kwali ya shige, sai tafin ƙafarsa a waje.
Can ya ce, “Durƙuso ki gani.”

Wayar da ke haɗa inji da gangar mota ce,
ta yi kore, sili uku suka rage mata,
an naɗe ta da zaren tagulla,
ƙulli biyu, da ’yar lanƙwasa a ƙarshe.
Na san ƙullin.
Shi ne a ƙofar akurkin kajinmu,
shi ne a hannun tsohuwar butar shayi,
shi ne a ƙafar tabarau ɗin da yake karatu da shi.
Shekara nawa ke nan yana riƙe da ita
bayan hannun da ya ƙulla shi ya saki komai?

Sabuwar waya ba ta kai kuɗin kwandon tumatir ba.
Ƙasimu zai jefa tsohuwar a kwata, na riƙe hannunsa.

Yanzu ko an kwana ana ruwa, murɗa ɗaya ce.
Ni ce dai nakan zauna jim kaɗan, makulli a hannu,
gilashi na zufar sanyin Jos,
kafin in murɗa.